Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ƙorafin Sveshnikov da abin da na gani a cikinsa

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Tun da maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika duniya, tambaya ɗaya ake ta juyawa: idan mutum ya ƙona ƙwaƙwalwarsa ya fito da wani abu, wasu suka kwashe suka zuba a na'ura suna sayarwa, shi me ya rage masa? A watan Disamba na 2023 jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu a kan wannan batu, marubuta da mawaƙa da masu zane ma kowa na ta nasa kukan. To akwai wani ɗan Rasha da ya yi shekaru yana wannan kuka tun kafin a san da waɗannan na'urori, kuma a fagen da ba kowa zai yi zato ba, wato wasan ces. Sunansa Evgeny Sveshnikov. Ni a ganina mutumin ya gano cutar sarai, amma maganin da ya rubuta mata da an sha shi, da shi kansa ba a san shi ba. Bari in yi bayani.

Ga wanda bai saba ba, ces ita ce darar nan mai gidaje 64, wadda ake yi da sarki da sarauniya da dawakai da sojoji, ɓangare ɗaya farare ɗaya baƙaƙe. Ita ce wadda Tunde Onakoya ya kwashe awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square a Afrilun 2024. Kowane gida a kan allon yana da suna, harafi da lamba, kamar e4 ko d5, shi ya sa ake iya rubuta wasa daga farko har ƙarshe, wani ya zo bayan shekara ɗari ya maimaita shi taku bayan taku. Takun farko-farko na wasa su ake kira buɗi, kuma kowane buɗi yana da suna, wani sunan ƙasa, wani na gari, wani na mutumin da ya raine shi.

An haifi Sveshnikov ranar 11 ga Fabrairu 1950 a Chelyabinsk, wani garin masana'antu a yankin duwatsun Ural, kusan kilomita 1,500 gabas da Mosko. Wasu za su tuna garin saboda dutsen nan da ya faɗo daga sama ya fashe a samansa a Fabrairun 2013. Yana ɗan shekara 17 ya shiga gasar zakarun Tarayyar Sobiyat ta 1967 a Kharkov, wadda Mikhail Tal da Lev Polugaevsky suka lashe tare. Ya yi karatun injiniya a garinsu, daga baya ya ajiye ya rungumi ces. Ya samu muƙamin gwanin ƙasa da ƙasa a 1975, sannan a 1977 ya zama giranmasta, wanda shi ne muƙami mafi girma a wasan in ka cire kambun duniya.

Gasanninsa ba na raini ba ne. Ya zo na ɗaya a Decin a 1974. A 1976 ya raba matsayi na ɗaya da Polugaevsky a Sochi. Ya lashe gasar Le Havre ta Faransa a 1977, ya lashe gasar tunawa da Capablanca a Cienfuegos ta ƙasar Kyuba a 1979, sannan ya lashe tsohuwar gasar Hastings ta Ingila a zangon 1984 zuwa 1985. Bayan rushewar Sobiyat ya buga wa Latbiya, ya zama zakaran ƙasar a 2003 da 2010, ya wakilce ta a gasar Olimpiyad ta ces sau huɗu tsakanin 2004 da 2010. A 2017, a garin Acqui Terme na Italiya, ya zama zakaran duniya na dattawa 'yan shekara 65 zuwa sama. Ya rasu a Mosko ranar 18 ga Agusta 2021 yana da shekara 71.

Amma fa gaskiya ita ce bai taɓa kaiwa ga karawar neman kambun duniya ba. Ya taso a ƙasar da manya suka yi yawa. Ku duba gasar Sobiyat ta 1973 a Mosko kawai: Spassky, Petrosian, Tal da Smyslov duk tsofaffin zakarun duniya ne, ga Karpov da zai zama zakara bayan shekara biyu, ga Korchnoi, ga Keres. Spassky ya lashe, Sveshnikov ya ƙare can ƙasa-ƙasa. A wata ƙasar da shi ne sarki, a Sobiyat kuwa ɗaya ne daga cikin gwanaye masu yawa. Da a ce kofuna kaɗai ake ƙirgawa, da yau masu tonon tarihi ne kawai suka san shi.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne buɗi. Akwai sanannen buɗin da ake kira na Sisiliya, inda mai farare ya tura sojansa e4, mai baƙaƙe ya amsa da c5. A taku na biyar sai Sveshnikov ya tura sojansa zuwa e5 ya kori dokin abokin karawa daga tsakiyar allo. Malaman wancan zamani sun ɗauki wannan taku a matsayin ganganci, kuma suna da hujja. Soja a ces ba ya komawa baya. Da zarar ya wuce zuwa e5, gidan d5 ya zama rami ke nan, babu sauran sojan da zai iya tsare shi, dokin mai farare zai iya zuwa ya zauna a ciki ya miƙe ƙafa. Sojan da ke d6 kuma ya zama maraya, babu mai kare shi daga cikin 'yan uwansa. A wani reshen ma mai baƙaƙe yakan yarda a wargaza sojojin da ke gaban sarkinsa, biyu su hau layi ɗaya. Duk abin da littafi ya ce kada ka yi, ga shi nan an yi.

Sveshnikov da abokinsa Gennady Timoshchenko, wanda shi ma ɗan Chelyabinsk ne, tun suna samari a shekarun 1960 suka zauna suka yi ta tona wannan buɗi. Abin da suka gano shi ne, ramin nan yana da farashi. Kafin mai farare ya amfana da shi, an riga an kore dokinsa zuwa a3, can gefen allo inda ba shi da amfani, sannan a taku na takwas a tura soja b5 a ƙara takura shi, har ana barazanar caka wa dawakai biyu soja ɗaya. Kafin dokin ya zagayo ya dawo fagen fama, mai baƙaƙe ya samu lokaci, ya riƙe giwayensa biyu, ya kawo hari ta f5. Giwa ita ce wadda ke tafiya a karkace, Rashawa da Larabawa duk haka suke kiranta. A taƙaice, ka ba da kyan tsari ka karɓi kuzari. Wannan taku na b5 shi ne Rashawa ke kira reshen Chelyabinsk, sauran duniya kuma ta laƙaba wa buɗin gaba ɗaya sunan Sveshnikov.

Ya yi ta buga shi da manya a lokacin da ake masa kallon mai taurin kai, ya rubuta littafi a kansa a ƙarshen shekarun 1980. Sannu a hankali sai ga Kramnik na buga shi, ga Leko, ga Shirov, ga Radjabov. Gelfand ya fito da shi a karawarsa ta neman kambun duniya da Anand a 2012. Sai kuma Nuwamban 2018 a Landan, inda Magnus Carlsen ya kare kambunsa a gaban Fabiano Caruana. Wasanni 12 aka yi, duka canjaras. A na 8 da na 10 da na 12, buɗin Sveshnikov ne garkuwar Carlsen. Da aka je wasannin gaggawa na raba gardama, Carlsen ya ci uku ba ko ɗaya, kuma na biyun da wannan buɗi ya ci shi yana riƙe da baƙaƙe. Kuɗin da aka sa a wannan karawa Yuro miliyan 1 ne. Mutumin da ya share shekara hamsin yana gina wannan garkuwa yana raye a lokacin, yana da shekara 68, kuma doka ba ta ba shi ko sisin kwabo a ciki ba.

Ba nan kaɗai ya tsaya ba. Idan yana riƙe da farare, yakan fuskanci buɗin Sisiliya da taku c3, wanda ke ɗauke da sunan Semyon Alapin, kuma ana masa kallon buɗin masu gudun wahala har sai da Sveshnikov ya mayar da shi makami na gaske. Da wannan c3 ɗin ne kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a wasan farko na karawarsu ta Fabrairun 1996 a Philadelphia, karo na farko da na'ura ta ci zakaran duniya mai ci a wasa na cikakken lokaci. Haka kuma ya yi aiki mai yawa a kan tura soja e5 a taku na uku a buɗin Faransa, ya rubuta littattafai a kai.

To yanzu ga ƙorafinsa. Sveshnikov ya daɗe yana cewa rubutaccen wasa gumin 'yan wasan nan biyu ne da suka buga shi, don haka mallakarsu ne, duk mai son bugawa ko sayarwa sai ya nemi izini ya biya. Yana ganin rashin adalci ne a ce masu mujallu da masu buga littattafai da masu rumbun bayanai su ne ke cin riba, ɗan wasa kuwa ko tarin wasanninsa ba zai iya keɓewa ya ajiye wa tsufansa ba. Ya ƙara da cewa duk dabarar da ka yi watanni kana dafawa, da ka buga ta sau ɗaya shi ke nan, gobe abokin karawarka ya buɗe kwamfuta ya gan ta kyauta ya shirya maka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wallahi ba zan ce ƙarya yake yi ba. Tarihin wasan nan cike yake da gwanayen da suka mutu hannu rabbana. Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko, ya mutu a New York a 1900 cikin talauci. Carl Schlechter, wanda ya yi kunnen doki da zakaran duniya a 1910, ya mutu a Budapest a 1918 cikin yunwa da ciwon huhu. Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun shekara 27, ganin ƙarshen Steinitz na cikin abin da ya sa ya riƙa tsananta farashinsa, shi ma kuma ya nemi a bai wa 'yan wasa haƙƙin mallakar wasanninsu. Su Sveshnikov kuma sun taso a tsarin da gwamnati ke biyan gwanaye alawus, 1991 ta zo tsarin ya rushe, aka bar su da kasuwa. A gefe guda kuma kuɗi na nan a harkar. Rumbun wasannin da ChessBase ke sayarwa ya haura wasa miliyan 10. Chess.com ya wuce mambobi miliyan 100 a ƙarshen 2022, a shekarar da ya sayi kamfanin Play Magnus a kan kimanin dala miliyan 80. Duk wannan gini a kan wasannin mutane aka ɗora shi.

Inda na rabu da shi shi ne maganin. Ku tambayi kanku, daga ina Sveshnikov ya samo e5 ɗin nan? Lasker ya buga shi a kan Schlechter a wasa na tara na karawarsu ta 1910. A shekarun 1950 wani ɗan asalin ƙasar Cek da ya zauna a Ajantina, Jorge Pelikan, ya farfaɗo da shi, shi ya sa tsofaffin littattafai ke kiran buɗin Lasker da Pelikan, har littafin Sveshnikov kansa da aka fassara zuwa Turanci sunan Pelikan ne a bangonsa. Yara biyu a wani gari mai nisa a Ural sun iya ɗora nasu gini ne saboda wasannin magabata a buɗe suke, kowa na iya kwafa a takarda ya jera a allonsa. Da magadan Lasker na da ikon cewa sai an biya, ko kuma su hana baki ɗaya, da wa zai biya wa ɗalibin injiniya a Chelyabinsk?

Na biyu, buɗin bai zama abin da ya zama da hannun mutum biyu kaɗai ba. Dubban 'yan wasa ne suka gwada shi, wani ya kawo hari sabo, wani ya samo kariya, aka yi ta gogawa har ya yi ƙarfin da zakaran duniya zai jingina kambunsa a kai. Caruana ma a Landan bai bi babbar hanyar da aka saba ba, ya tura dokinsa d5 tun a taku na bakwai, Carlsen da mataimakansa suka nemo amsa, ilimin ya ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka ce kowane taku yana da mai shi, to wa za a biya a kan taku na goma sha biyar, wanda wani ya fara bugawa, wani ya gyara, wani ya rusa, wani ya sake tayarwa?

Na uku, an ma gwada kulle ƙofar, kuma ku duba wanda ya yi yunƙurin. A Nuwamban 2016, lokacin karawar Carlsen da Sergey Karjakin a New York, kamfanin da ya shirya gasar ya je kotun tarayya yana neman a hana shafukan chess24 da Chessgames nuna takun wasan kai tsaye. Alƙali ya ƙi. Taku labari ne na abin da ya faru, kamar a ce an ci ƙwallo a minti kaza, ba a mallakar labari. Abin lura a nan, wanda ya nemi a kulle ɗin kamfani ne, don ya sayar da kallo. Ni tsorona ke nan. Duk ranar da aka mayar da taku kadara, mai lauyoyi da jari ne zai saye ta, ɗan wasa zai sa hannu a kwantiragi ya miƙa tun kafin ya zauna a kujera. Dattijon da aka yi dokar dominsa zai tashi a tutar babu, yaron da ke koyo a wayarsa a Legas ko Kano kuma a ce masa ya biya.

Mu nan muna da misalin ɗaya gefen a darar gidanmu. Kowane gari an yi gwanayen da ba a ja da su a gindin bishiya, amma da yake ba mu saba rubuta wasa ba, dabarun da yawa sun bi masu su kabari. Babu wanda ya sace musu, babu kuma wanda ya gada in ba wanda ya zauna kusa da su ba. Ces ta tsira daga wannan ne saboda ana rubutawa kuma ana bazawa.

Sai dai kada wani ya ɗauki maganata ya ce to ai shi ke nan, kowa ya kwashi na kowa. A'a. A ces ɗin ma akwai iyaka. Takun wasa na kowa ne, amma sharhin da gwani ya zauna ya rubuta yana bayanin dalilin kowane taku, wannan nasa ne, doka ta kare shi, kuma littattafan Sveshnikov suna cikin wannan kariya. Waƙar mawaƙi da labarin marubuciya da fim ɗin da aka kashe kuɗi aka shirya, duk a wannan ɓangaren suke. Dabara ana gadonta, ana ɗorawa a kai. Aikin da mutum ya ƙera da kalmominsa ko muryarsa kuwa, in ka kwasa ka sayar ba da izini ba, sata ka yi, ko da hannu ka kwasa ko da na'ura. Masu harkar fim da littafi a Kano sun san zafin wannan tun zamanin faifan CD.

Wani zai ce ai an biya Sveshnikov da suna, tunda duk inda ake ces a duniya ana ambatonsa kullum. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, mutane nawa ne suka fi shi kofuna aka manta da su? Amma suna ba ya sayen magani a kemis. Shi ya sa nake ganin hanyar da ta dace ita ce a bar ilimin a buɗe, a bi kuɗin. Duk kamfanin da ke sayar da rumbun wasanni, ko yake tara masu biyan kuɗin wata a kan dandalin da aka gina da wasannin mutane, a yanka wani ɗan kaso daga ribarsa a zuba a asusun tsofaffin gwanaye da masu binciken buɗi. Hukumar ces ta duniya, FIDE, tana da wani tallafi da take bai wa tsofaffin 'yan wasa, amma mutane ƙalilan yake kaiwa, kuma kyauta ce ake nema a ba ka ko a hana ka. Ni abin da nake nufi haƙƙi ne mai tsari, wanda mutum zai san yana da shi tun yana da ƙarfinsa. Wanda ke koyo kyauta ya ci gaba da koyo kyauta. Wanda ke cin riba shi zai biya.

Irin wannan ma'aunin nake so mu riƙa ɗorawa a kan rigimar ƙirƙirarriyar basira. Masu cewa a kulle komai su tuna cewa kowannenmu a kan aikin wani ya koya. Masu cewa komai na kowa ne su tuna cewa akwai mutum mai iyali a bayan kowane aiki, kuma in mai ƙirƙira ya ga ba ya samun ko na cefane, 'ya'yansa ba za su gaje shi ba. Sveshnikov ya yi taurin kai sau biyu a rayuwarsa. Na farko a kan e5, duniya ta yi masa dariya, daga baya ta dawo ta bi shi. Na biyu a kan haƙƙin ɗan wasa, a nan dokar da ya nema ba ta samu karɓuwa ba, kuma ina ganin daidai ne da ba ta samu ba. Amma tambayar da ya yi, cewa wa ke cin gumin wa, har yau ba a ba shi amsa ba, ga shi yanzu ta fito daga allon ces ta shigo gidan kowa.

Masu buga ces a cikinku, musamman waɗanda suka taɓa shiga ramin d5 ko suka haƙa wa wani, ina son jin ta bakinku. Haka ma marubuta da mawaƙa da ke bibiyata, ku faɗa mini in kuna ganin wannan rabon da na yi tsakanin dabara da aiki zai yi muku adalci. Allah ya sa mu ci guminmu, ya kuma hana mu cin na wani.